Da Sauƙi

Na yi shekaru ina zaune a ƙofar gidan waya na Madawa, da ɗan tebur da benci da kwalbar tawada, ina rubuta wa mutane wasiƙa. Karatuna bai yi nisa ba. Na gama lakwal ta farko, wato firamare, na samu takardar sartifika, mahaifina ya ce ya isa haka. Amma a farkon shekarun tamanin ɗan faransancin nan ya ishi mutum ya ci abinci da shi. Ranar kasuwa mata sukan zo daga Urno da Sabon Gida, su zauna a bencina, su faɗi abin da ke ransu da Hausa, ni kuma in mayar da shi faransanci, a aika wa miji ko ɗa da ya tafi cin rani bakin teku. Can kuma wani irina ya sake mayar masa da shi Hausa.

Aikin ya koya mini cewa mutanenmu ba sa faɗin ciwo kai tsaye. Mace za ta ce, ka rubuta masa tsohuwa ba ta jin daɗi kwana biyu, amma da sauƙi. Sai in ajiye alƙalami in tambaye ta, sauƙin gaske ne ko na baki? In ta sunkuyar da kai ta shiga wasa da bakin zanenta, sai in rubuta masa ya taho maza in yana son ya tarar da uwarsa. Ina ji da kaina a kan wannan. Na fara da shi ne don mai karatu ya san ba rashin sani ya sa na yi abin da na yi ba.

Matata ƴar Karofane ce. Gajera ce, mai saurin tafiya, kuma in tana dariya takan rufe baki da bayan hannu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kamar yadda ya kamata. A gaban mutane mai gida take cewa. In mu biyu ne sai ta ce Mushe, yadda yara ke kiran malamin lakwal, don ta tsokane ni a kan biron da ba ya barin aljihun rigata.

Cikinta na fari, a gidan iyayenta ta je ta haihu, bisa al'ada. Ta kwana uku tana naƙuda a hannun ungozomar garinsu, tsohuwar da ita ce ta karɓi haihuwar matata da kanta. Yaron ya zo ba rai. Ni ina Madawa, ban ji ba sai bayan an rufe shi. Ban riƙe tsohuwar a raina ba, don ta yi iyakar abin da ta sani. Amma a hanyata ta dawowa daga gaisuwa na ce wa kaina, in Allah ya sake ba mu, ba a ɗakin nan za a yi ba.

Bayan shekara biyu, wata rana tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Mushe, ka fara tunanin rago." Haka ta gaya mini.

Wuri biyu ne a garin da mace za ta iya haihuwa ban da ɗakinta. Akwai matarniti na gwamnati, wato gidan haihuwa, inda kowa ke zuwa. Akwai kuma wani likita mai zaman kansa, mutumin ƙasashen bakin teku, wanda ya daɗe yana aikin gwamnati, da ya ajiye sai ya buɗe ɗan gida a bayan gari yana duba mata masu ciki, a biya shi. Na ce sai na ga kowanne da idona.

Matarniti muka fara zuwa. Mata ne cike a baranda, wasu a benci, wasu a tabarma, da jarirai da ƙwaryar fura da ƙudaje. Mai kula da wurin wata babbar mace ce, mutuniyar wajen Keita, da tabarau rataye a wuya. Madam kowa ke ce mata. Tun daga bakin ƙofa ake jin muryarta. Ina tsaye kusa da taga da katin matata a hannu, na ji tana tambayar wata baiwar Allah inda ke mata ciwo. Matar ta yi ƙasa da murya ta ce da sauƙi.

"Da sauƙi? To mi ya kawo ki? Gaishe ni kika zo yi, da ciki wata takwas, a ƙasa tun daga ƙauye? Buɗe baki ki yi mini magana, ɗiyata, ba surukarki ce ni ba."

Matan baranda suka kwashe da dariya. Ita ma mai ciwon ta yi murmushi, sannan ta fara magana. Ni abin bai yi mini daɗi ba. Na ga kamar ana tozarta mutum a gaban jama'a. Ina cikin haka Madam ta hango ni ta taga, ta ce kai kuma mai biro a aljihu, nan ba wurin maza ba ne, ga itacen bedi can, je ka zauna da ƴan'uwanka. Aka sake yin dariya. Na tafi ƙarƙashin bedin na zauna tare da masu amalanke da suka kawo matansu. Ba zan ɓoye ba, maganar nan ta zauna mini a wuya, kuma tana cikin abin da ya yanke hukunci, ko da yake a lokacin ban yarda da haka ba.

Gidan likitan kuwa shiru ne. Gado huɗu, kowanne da farin zane a shimfiɗe, da labule tsakaninsu. Ƙasa a share, ana jin ƙamshin sabulu. Shi kansa dattijo ne siriri mai furfura, yana magana a hankali. Ya ba ni kujera. Ya ce mini monsieur. Da muka yi ƴar hira ya tambaye ni inda na koyi faransanci haka, na ce nan garin, ya girgiza kai yana mamaki. Hausarsa ba ta wuce sannu da kwanta da tashi da buɗe baki ba. Matar da ke taya shi aiki ita ma ƴar ƙasarsu ce. Ya ce wannan ita ce wahalarsa da matan ƙauye, ba ya jin su, ba sa jin sa. Amma da ni, in ji shi, babu damuwa: ni zan zama bakinsa da kunnensa. Na fita daga gidan nan ina jin kaina wani abu.

Da na dawo gida na tambaye ta wanne take so. Ta ce duk inda na ce. Na matsa mata, ta sake cewa haka. Sai can da yamma, tana kwashe tuwo, ta ce, "Madam ɗin akwai faɗa. Amma tana ji."

Na ɗauka Hausa take nufi. Na ce ai ni ma ina ji, kuma duk zuwan da za ta yi ina tare da ita, ba wanda zai kore ni gindin itace. Ta dube ni, ta rufe baki da bayan hannu, ta ce, "To, Mushe." Cikin makon na sayar da kekena don in samu kuɗin biya, na je na gaya wa likita mun zaɓe shi.

Da labari ya kai Karofane, surukata ta taho. Inna muke ce mata duka. Ba ta taɓa yi mini magana ido da ido ba tun da na auri ɗiyarta. In tana da abin faɗa mini, sai ta juya wajen bango ko wajen ɗiyarta, ta faɗa da ƙarfi yadda zan ji. Ranar ina zaune a ƙofar ɗaki, tana ciki, ta ce a tambayi mai gidan nan ko a garinsu namiji ke karɓar haihuwa. Ta ce ita ta haifi tara a durƙushe, ba wanda ya ga ko gwiwarta. Ta ce gado na mai ciwo ne, haihuwa kuwa ba ciwo ba ce. Ni ma na amsa wa bangon, da ladabi, na ce a gaya wa Inna wancan karon mun bi tata, wannan karon ina roƙon a bi tawa. Na san na taɓa wurin da bai warke ba, nata da na matata, kuma har yau ina jin kunyar yadda na faɗe ta.

Mahaifin matata ne ya raba gardamar. Na je har Karofane na same shi a gona, ana sharar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Mutum ne mai sanyin hali. Ya ce lalura ba ta da namiji ba ta da mace, in likita ne, to likita. Abu ɗaya ya roƙa. In ciki ya shiga wata tara, a bar ta ta zo gida ta kwana goma, ya gan ta, ya sa mata albarka, ta sha rubutun da malaminsu zai yi mata, sannan Inna ta dawo da ita ta kwanta a gidan likita har ta sauka. Na ga bai roƙi da yawa ba. Na ba shi hannu a kan haka.

Watannin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin rayuwata. Kowane wata mukan tafi mu biyu, daga baya da Inna ta dawo ta zauna da mu, mu uku. Likita yana da wani ɗan ƙaho na itace da yake ɗora wa ciki ya kara kunne. Wata rana ya kira ni ya ce in saurara. Na ji wani abu yana bugawa da sauri, kamar ana buga ƙaramar ganga a can ƙarshen gari. Matata ta juya fuska wajen labule don kunya, amma na ga kafaɗarta na rawa, dariya take yi.

Shi da Inna kuwa ba su taɓa shiri ba, sai dai shi bai sani ba. Zai ce a rage mata gishiri, a daina ba ta kanwa. In juya wa Inna. Ita kuma ta dubi bango ta ce, kunun kanwar da garinmu kaf ya tashi a kansa, shi ne wanga siririn zai hana? A tambaye shi ko uwarsa iska ta sha ta haife shi. Likita ya ce me tsohuwa ta ce? In ce ta ce ta gode, za a kiyaye. Ya yi murmushi ya ce mata sannu, ita kuma ta ce sannunka dai. A hanyar gida mu yi ta dariya ni da matata. A lokacin ina ganin gwaninta ce, ina sassauta magana tsakanin mutum biyu don kowa ya tashi da mutuncinsa. Ban lura bakina yana sabawa da gyara abin da aka ba shi ya kai ba.

Wata na tara ya kama a farkon damina. An yi ruwan shuka, gero ya fara tsiro. Ranar tafiya ta faɗo ranar kasuwa, don ranar ce ake samun kamiyo, babbar motar kaya, mai komawa wajen Karofane bayan azahar. Likita ya ce mu biyo ta wurinsa da safe ya duba ta kafin ta tafi.

Zan faɗi abin da na gani a safiyar nan, don na gan shi. Ƙafafunta sun kumbura har takalminta ya daina shiga, ta sa nawa. Fuskarta ta ciko. Kuma ta ɗaure kanta da ɗankwali tamau, ɗaurin da ke saukowa har kan gira, wanda kowa a ƙasarmu ya san na ciwon kai ne, ba na ado ba. Mako guda kafin nan ta taɓa cewa kanta na sara mata, na gaya wa likita, ya ba ta ƙwayoyi. Tun daga nan ba ta sake ambata ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Inna ta ajiye ƙunshin kayansu a bakin ƙofar ɗakin dubawa, ta zauna kusa da shi. A ciki har da turmin atamfa da na saya wa surukina da goro. Likita ya naɗa wa matata abin awon jini a hannu, ya matsa, ya saurara. Ya kwance, ya sake. Sannan ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce jinin ya ɗan hau, ba sosai ba, amma ba ya son sa. Ya ce in tambaye ta da kyau game da ciwon kan nan na makon jiya. In har yana nan, ko ya ƙaru, to ba inda za ta, yau za ta kwanta a gadon nan. In ya tafi, yana iya barin ta, amma kwana biyar, ba goma ba.

Na juya wajenta. Ban faɗa mata duk abin da ya ce ba. Cewa na yi, "Likita na tambaya, ya kan naki?"

Duk wanda ya tashi cikin Hausa ya san wannan ba tambaya ba ce, gaisuwa ce, kuma amsarta ɗaya ce. Da na ce mata, yana ciwo yanzu ko ba ya yi, da wataƙila ta faɗa. Da na ce nuna mini wurin, da ta nuna. Ta dubi ƙunshin da ke bakin ƙofa, ta dubi uwarta, sannan ta dubi ƙasa.

"Da sauƙi," in ji ta.

Hannunta yana wasa da bakin zanenta. Na gani. Na ce wa likita, ça va mieux, wato ya yi sauƙi, ta samu lafiya. Kalma da kalma ban yi ƙarya ba. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ya rubuta a kati, ya ƙara mata ƙwayoyi, ya ɗaga yatsu biyar yana nuna wa Inna.

Na sha tambayar kaina dalili. Na ba da hannu ga dattijo a gonarsa, ba na son a ce mai biro ya ci alkawari. Ba na son in juya wajen bango in gaya wa Inna ta kwance ƙunshinta. Kuma ina son maganar ta zama gaskiya, ina so ƙwarai, har na karɓe ta yadda ta zo. Matar wani da ke zaune a bencina nakan tsaya in tambaye ta sauƙin gaske ne ko na baki. Tawa ban tambaye ta ba.

A tasha direban ya san ni, ya ba ta gaba ita da Inna. Na miƙa mata gorar ruwa ta taga. Ta dubi aljihun rigata inda tawada ta ɗiga ta yi tabo, ta ce, "Ka riƙa rufe abin nan, Mushe. Rigar ba ta da ƙanwa." Motar ta tashi. Maganar da ta yi mini ta ƙarshe ke nan.

Rana ta huɗu, wajen la'asar, ina tsakiyar rubuta wa wani tsoho wasiƙa, wani mai shago da ke kusa da gidan likita ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce in tashi, an kawo iyalina. Ban gama wasiƙar ba.

Abin da ya faru, daga baya na ji shi. Da hantsi tana zaune a inuwa sai ta faɗi, jikinta ya kama jijjiga, ta ciji harshe. Suka ɗora ta a amalanke zuwa bakin hanya, suka samu mota. Amma an yi ruwa mai yawa a kan tudu, ƙoramar da ke tsakani ta ciko, mota ba ta iya ƙetarewa. Suka zauna a bakin ruwa tun kafin azahar suna jiran ya janye. A nan jijjigar ta sake kama ta sau biyu.

Da na iso ba ta san wanda ke kanta ba. Likita bai tsaya yi mini bayani ba. Ya aika a kira Madam daga matarniti, don aikin ya fi hannu biyu. Ta zo da jakarta, tana haki, ba faɗa ba tsawa. Ta wuce ni ta shiga. Ta bayan labule ina jin muryarta ƙasa-ƙasa tana cewa ɗiyata, ɗiyata, taimake ni kaɗan. Kafin magariba aka fito da jaririya, ƙarama, tana kuka kamar ɗan akuya. Uwar ba ta farka ba.

Madam ta fito baranda tana goge hannu. Inna na zaune a ƙasa, ni ina tsaye jikin ginshiƙi. Ta tambayi Inna tun yaushe kan yarinyar ke ciwo. Inna ta ce tun kafin su tafi take ɗaure da shi, can gida kuwa ko hasken ƙofa ba ta son gani. Madam ta ce, ba a gaya wa likita ba?

"An tambaye ta," in ji Inna. "Ta ce da sauƙi."

Madam ta juyo ta dube ni. Ba fuskata ta duba ba, aljihuna ta duba, inda biron yake. Na jira ta faɗi abin da ta ga dama, a gaban kowa, na san na cancanta. Sai ta juya. Ta koma ciki.

Washegari tsakanin azahar da la'asar matata ta cika, a kan farin zanen da na zaɓa mata.

Rana ta uku ta zaman makoki likita ya zo. Ba a saba ganin irinsa a tabarmar gaisuwa ba. Ya cire takalmi, ya zauna da ƙyar, gwiwoyinsa a sama, ya ɗaga hannu da aka yi addu'a ko da yake ba addininmu ɗaya ba. Da mutane suka ragu ya matso kusa da ni. Ya ce ya duba katinta ya fi a ƙirga. Ya ce laifinsa ne, tun da awo bai yi masa daɗi ba, da ya riƙe ta ko me ta ce. Ya ce ko da ya riƙe ta ba shi da tabbacin zai iya tsayar da abin, ciwon yakan fi ƙarfin likita, amma da aƙalla ba a bakin ƙorama zai same ta ba.

Ina iya yin shiru. Ba wanda ya ji abin da ya gudana tsakanina da shi ranar nan da zai iya ƙaryata ni. Amma na gaya masa. Na ce kalmar da ta faɗa ba ta nufin abin da na ce masa. Na ce a wurinmu wanda ke kan gargara ma, in aka ce masa ya jiki, abin da zai ce ke nan. Na ce na sani, sana'ata ce in sani.

Sai ya ciro wani ɗan littafi daga aljihu, ya buɗe, ya miƙo mini. Ya ce in rubuta masa kalmar da ma'anarta ta gaskiya. Na ciro birona na rubuta: da sauƙi. A gabanta na rubuta da faransanci, abin da mai ciwo ke faɗa muddin yana iya magana. Ya karanta, ya rufe littafin, ya tashi zai tafi. Yana neman takalminsa ya juyo ya tambaye ni, ni fa, yaya nake ji. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, da Hausa.

"Da sauƙi."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Sai ya ajiye shi, ya dawo ya zauna kusa da ni a tabarma. Muna nan zaune har aka kira la'asar.

Jaririyar Inna ce ta ɗauke ta, don matar ƙanin matata tana goyo a lokacin, ita ta shayar da ita. Ranar da za su koma Karofane na raka su tasha. Inna na rungume da yarinyar cikin zane. Muna jiran mota sai ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ni ma na ji ta ranar nan. Ni na haife ta, na san abin da take nufi. Ina kallon kayana a bakin ƙofa, na yi shiru." Ta gyara wa yarinyar zane. "Kada ka ɗauka kai kaɗai." Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban ce na yafe mata ba. Daga ranar dai ba ta sake yi mini magana ta bango ba har ta bar duniya.

Na koma teburina. Tsohon nan ya dawo ranar wata kasuwa, muka gama wasiƙarsa. Likita ya ƙara ƴan shekaru a garin, sannan ya koma ƙasarsu. Na ji an ce kafin ya tafi ya ɗauki wata mata Bahaushiya tana zama da shi in yana duba masu ciki. Ban sake shiga gidan ba, ba don ina jin haushinsa ba.

Yarinyar ta dawo hannuna tana da shekara shida, don ta shiga lakwal. Gajera ce, mai saurin tafiya. Wata safiya cikin damina na ga ba ta taɓa kokonta ba, tana zaune jikin bango, idanunta sun yi ja. Na durƙusa na taɓa goshinta, da zafi. Na ce mata ya jikin. Ban san lokacin da gaisuwar ta fita daga bakina ba. Ta sunkuyar da kai, yadda aka koya mata a gidan kakanninta, ta ce da sauƙi, Baba.

Na ɗauke ta a kafaɗa, ban ko rufe ƙofa ba. A matarniti ake duba yara ƙanana a lokacin. Baranda cike da mata kamar kullum. Madam ta tsufa, tabarau ɗin ya koma kan hanci, amma muryar na nan. Ta hango ni ta taga, ta dubi yarinyar, na ga ta gane ko ɗiyar wa ce.

"Mi ta ce maka?"

Na ce, "Ta ce da sauƙi."

"To shigo da ita," in ji Madam. Na miƙa mata yarinyar a bakin ƙofa, na juya zan nufi gindin bedi. Ta ce, "Ina za ka? Shigo kai ma, ka riƙe mata hannu."